Yadda muka ɗora girafin kan boron naitirait a wani ɗakin gwaji a Bauchi

Na daɗe ina koyar da darasin daskararrun abubuwa, ina zana wa ɗalibai jerin zarra da alli a allo, su kwafa su rubuta jarrabawa su wuce, alhali ko ɗayansu bai taɓa sa ido a kan abin da muke zanawa ba. Abin yana cin raina. Shi ya sa a hunturun da ya wuce muka ƙudurta, ni da ɗalibaina na digiri na biyu da injiniyan ɗakin gwajinmu, cewa za mu ɓare falle ɗaya na girafin, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, mu manna shi da fallen boron naitirait, wani farin sinadari da ya haɗa boron da naitirojin, mu daidaita su har wata babbar saƙa ta fito a tsakaninsu. Kuma a nan Bauchi za mu yi, da hannunmu.

Girafin ba baƙo ba ne a gidan kowa. Baƙin da ke cikin fensir girafait ne aka cuɗa da yumɓu, shi kuma girafait fallaye ne na sinadarin kabon, an kifa wani kan wani. A cikin kowane falle zarra sun kama juna tamau, sun yi saƙa mai gidaje masu kusurwa shida. Amma tsakanin falle da falle riƙon sako-sako ne, shi ake kira ƙarfin van der Waals, kuma saboda shi ne fensir ke barin baƙi a takarda. Ratar da ke tsakaninsu nanomita 0.335 ce, wato sai ka tara fallaye wajen miliyan uku kafin su kai kaurin milimita ɗaya. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka ware falle guda, wato girafin, da salatif, suka auna yadda lantarki ke tafiya a cikinsa, a 2010 aka ba su kyautar Nobel.

Ita dabarar jera siraran shimfiɗu don a samu sabon abu ta girmi girafin nesa ba kusa ba. Tun 1970 Leo Esaki da Raphael Tsu na kamfanin IBM suka kawo shawarar a riƙa shimfiɗa sinadarai biyu bi da bi, kowanne 'yan nanomita, don ilekturon ya ga wani sabon tsari mai maimaita kansa wanda ya fi na asali faɗi. Ta yi aiki. Daga irin wannan jeri aka samu leza iri-iri, kuma jerin ƙarfe da kuromiyam da Albert Fert ya yi nazari a 1988, a daidai lokacin da Peter Grünberg ke irin wannan aiki a Jamus, shi ya buɗe hanyar allurar da ke karanta bayanai a faifan ajiyar kwamfuta. Sai dai waccan hanya tana son injin da ke zuƙe iska ƙarƙaf ya fesa zarra ɗaya bayan ɗaya, kuma dole girman saƙar sinadaran biyu ya zo kusan ɗaya, in ba haka ba haɗin ya cika da aibi. Fallaye irin na girafin ba ruwansu da wannan sharaɗi. Fuskarsu sumul take, babu wani hannu da ya miƙo yana neman abin kamawa, don haka kana iya ɗora kowanne kan kowanne, a kowace kusurwa ka ga dama. Wannan ne ya ba ni ƙarfin gwiwa.

Wanda ya taɓa kallon gidan sauro inda ya ninku biyu ya riga ya san abin da muke nema. Ramukan kowace raga ƙanana ne, amma inda suka hau juna sai ka ga wasu manyan zane kamar igiyar ruwa, ka ɗan motsa ɗaya su faɗaɗa ko su tsuke. Haka girafin da boron naitirait suke. Dukansu gidaje masu kusurwa shida ne, amma na boron naitirait sun fi faɗi da kusan kashi 1.8 cikin ɗari. In aka daidaita su sak, babbar saƙar da ke fitowa tana maimaita kanta a duk nanomita 14 ko kusa da haka, alhali ta girafin kanta nanomita 0.246 ce. In kusurwar ta kauce da digiri biyu ko uku, sai saƙar ta tsuke ta koma 'yar mitsitsiya, tasirinta ya dushe.

Kayan da ba a samu a nan su muka fara nema. Wani abokin karatuna da ke aiki a Turai ya aiko mana da ƙwayoyin girafait masu kyau, da ɗan garin boron naitirait fari fat wanda bai cika ƙasan ƙaramar kwalba ba, da faifan silikon, da roba mai laushi da ake kira PDMS, da tsakuwoyin robar folikabonet. Shi boron naitirait mai tsabta ba kowa ke iya toya shi ba. Wanda duniya ta fi yarda da shi na wasu mutum biyu ne, Kenji Watanabe da Takashi Taniguchi na cibiyar NIMS da ke Tsukuba a Japan, shi ya sa za ka ga sunayensu a kan takardun bincike bila adadin. Faifan silikon kuwa sai mai rufin oksayid na kusan nanomita 300 ko 90. Ba ado ba ne. Girafin kashi 2.3 cikin ɗari kawai yake sha na hasken da ya ratsa shi, a kan gilashi da ƙyar ido zai kama shi, amma a kan wannan rufi hasken da ke dawowa daga sama da wanda ke dawowa daga ƙasa suna karo, sai fallen ya ɗan canza launi.

Sauran kayan mu muka haɗa. Muna da tsohon maikuroskof na duba ƙarafa, mai hasko abu daga sama. Muka sayo masa ido mai hangen nesa kaɗan, domin dole gilashin da ke ɗauke da hatimi, wato 'yar robar da za ta ɗauko fallen, ya shiga tsakaninsa da silikon. Injiniya ya zana dandamali mai juyawa, da hannu mai sukurori uku da zai riƙe gilashi ya kai shi gaba, gefe, da ƙasa. Na kai zanen wurin wani dattijo mai aikin ƙarfe a bayan kasuwar Muda Lawal. Ya juya takardar, ya dube ni.

“Malam, wannan ɗan ƙaramin abu me zai ɗauka?”

Na ce, “Baba, abin da zai ɗauka ido ba ya ganinsa. Ni dai kada ya yi rawa ko kaɗan.”

Ya ce, “To ba a walda za a yi shi ba, zafi zai murɗe shi. Ka bar ni in fafe shi daga dunƙulen alminiyam.” Haka ya yi, kuma shawararsa ce ta tsayar da aikin. A cikin dunƙulen muka cusa ɗan hita da waya mai auna zafi. Muka ɗora komai a kan falalen dutse, dutsen kuma a kan tub ɗin tayar babur mai ɗan iska, don ya shanye girgiza. Da janareta ya tashi, hoton da ke maikuroskof sai ya kama kakkarwa, saboda haka aikin ɗauka gaba ɗaya da batirin sola muka yi shi, galibi bayan la'asar in mutane sun watse.

Hunturu kuwa ya nuna mana halinsa. Busasshiyar iska tana da amfani, domin danshi na shiga tsakanin fallaye, amma ƙurar ba ta da tausayi. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi fallen girafin kauri sau dubbai. Ga shi salatif in ka ɓare shi a wannan yanayi sai ya riƙa janyo duk abin da ke yawo a iska. Muka rufe teburin da akwatin leda mai haske, muka toshe tagogi, kowa ya sa safar hannu da takunkumi da hula, ana goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ba a shara.

Ɓarewar ita ce mafi sauƙin faɗa. Ka yanka silikon ƙanana kamar santimita ɗaya, ka wanke da asiton, ka ɗauraye da aisofurofanol, ka busar. Ka ɗora ƙwayar girafait a kan salatif, ka ninke ka buɗe, ka ninke ka buɗe, kowane karo a sabon wuri, har wurin ya yi toka-toka mai sheƙi. In ka yi kaɗan fallayen sun yi kauri, in ka zarce sun farfashe sun zama gari. Sai ka kifa shi a kan silikon, ka shafa a hankali, ka ɗora a kan zafi na digiri 100 na kamar minti biyu, ka bari ya huce, sannan ka janye salatif ɗin sannu sannu. Boron naitirait ma haka, sai dai shi ya fi saurin karyewa, ba ya son ninki da yawa.

Nema ne ke cin rai. A ƙarƙashin maikuroskof silikon ɗin shunayya ne, an watsa masa gutsattsari: masu kauri rawaya ko fari suna walƙiya, masu dama-dama shuɗi, ga tabon gam nan da can. Abin da kake nema bai yi kama da komai ba, wani ɗan wuri ne da shunin ya ɗan ƙara duhu kaɗan, har sai ka yi shakkar idonka. Kana tura dandamali layi layi, wuya ya ƙage, ido ya yi ruwa. Ɗalibata mace ita ta fi mu haƙuri da wannan, kuma ita ta fara gani. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Malam, zo ka duba gefen wancan shuɗin, kamar akwai wata inuwa.” Na duba ban ga komai ba, sai da ta sa matatar haske koriya. Sai ga shi, ɗan falle mai tsawon kamar maikuromita 30, wato kashi uku cikin ɗari na milimita, gefensa ɗaya a miƙe sambal, a jikinsa kuma wani sashe da duhunsa ya ninka. Wannan ninkin shi ya tabbatar mana: mai haske falle ɗaya ne, mai duhu biyu. Muka ɗauki hoto, muka auna koren launi a kwamfuta, lissafi ya zo daidai. Ɗalibin namiji ya yi ta kabbara. Ni kuwa na ga abin da na yi shekaru ina zanawa da alli.

Daga nan sai hatimi. Ana narka folikabonet a cikin kulorofom, a ɗiga a kan gilashi, a danne da wani gilashin a zame su, sai siririyar fata ta bushe a kai. Kulorofom guba ne ga hanta da numfashi, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi na sashen kemistiri muka yi wannan, kuma ban yarda wani ɗalibi ya buɗe kwalbar shi kaɗai ba. Wannan fata ake shimfiɗawa a kan ɗan tudun PDMS da ke manne da gilashi. Tudun yana da muhimmanci, domin so ake ya taɓa silikon a ɗigo ɗaya, ba ko'ina ba.

Ga yadda ɗaukar take. Ka kifa hatimin, ka sauke shi da sukuri har ya kusa taɓawa. Kafin ya taɓa za ka ga zobba masu launin bakan gizo sun bayyana, sai kuma wani ɗigo ya buɗe a tsakiyarsu, launinsa daban, nan ne robar ta sauka. Ba a kan fallen ake saukewa ba, a ɗan nesa da shi. Daga nan sai ka cire hannunka daga sukuri gaba ɗaya. Zafi za ka riƙa ƙarawa, digiri ɗaya, ka jira, wani digirin, ka jira. Robar na kumbura, bakin ɗigon na rarrafowa, har ya haye kan fallen boron naitirait ya rufe shi. Sai ka rage zafin, robar ta tsuke, bakin ya ja da baya, in Allah ya sa an dace sai ka ga wurin da fallen yake ya zama fili, ya koma jikin hatimi. Duk wanda ya yi gaggawa a nan, bakin ya yi tsalle, fallen ya yage ko ya naɗe. Mun yi asarar fallaye masu kyau a wannan mataki, kuma duk wanda zai koya sai ya yi, domin hannu ne ke koyo.

Shi wannan boron naitirait da ke jikin hatimi shi zai ɗauko girafin, roba ba za ta taɓa shi ba. Girafin ya fi son boron naitirait fiye da silikon, suna haɗuwa yake sakin silikon ya bi shi. Masu bincike a Jami'ar Columbia da ke Amurka su suka nuna a 2010 cewa lantarki ya fi sakewa a cikin girafin in yana kan boron naitirait, a 2013 kuma suka fito da wannan hanya ta ɗauka.

A nan ne maganar kusurwa ta taso, kuma nan ne zuciyar aikin. Ba ma ganin zarra, to da me za mu daidaita? Da gefuna. Waɗannan fallaye in za su tsage sun fi bin layin saƙarsu, shi ya sa ake samun gefuna miƙaƙƙu masu haɗuwa a digiri 60 ko 120. Sai ka nemi miƙaƙƙen gefe a boron naitirait, ka nemi wani a girafin, ka riƙa ɗaga idon maikuroskof kana saukewa, ka ga na sama ka ga na ƙasa, kana juya dandamali har su yi layi ɗaya. Amma akwai tarko. Saƙa mai kusurwa shida tana da gefe iri biyu, kuma tsakaninsu digiri 30 ne. Kana iya daidaita gefuna sak, ashe iri daban-daban ka haɗa, ka kauce da digiri 30 cif ba ka sani ba. Babu dabarar ido da za ta raba maka wannan. Maganinsa ka yi da yawa.

Mataki na ƙarshe shi ne sauke su a kan wani boron naitirait da ke jira a ƙasa, don girafin ya kasance a rufe sama da ƙasa. Wannan na ƙasa da gangan muka karkatar da shi kamar digiri 15, kada shi ma ya haifar da tasa saƙar ta rikita mana lissafi. Aka kai zafi wajen digiri 180, folikabonet ya yi laushi ya saki PDMS ya kwanta a kan silikon, aka jiƙa a kulorofom ya narke. Abin da ya rage ɗan tabo ne shuɗi-kore. A cikinsa akwai ƙuraje, wato kumfar iska da danshi da maiƙo da suka maƙale. Abin sha'awa, fallayen da kansu suke tattara dattin wuri ɗaya saboda tsananin son mannewa da juna, sai tsakanin ƙurajen ya zama tsaf. In an sauke a hankali da zafi, bakin robar yana tura yawancinsu waje. Namu na farko sun yi ƙuraje sosai, na baya sun fi.

Maikuroskof ɗinmu ba zai nuna saƙar nanomita 14 ba, hasken ido ya yi mata girma. Muka shirya samfuran a 'yan akwatuna, wani malami da zai yi tafiya ya kai wa abokina, ya haska su da na'urar Raman. Ita leza take harbawa ta karanta hasken da ya dawo, girafin kuma yana ba da tozo biyu sanannu, ɗaya a wajen 1580 ɗaya a wajen 2700 a ma'auninta. A falle guda tozon na biyu siriri ne dogo. In girafin ya daidaita da boron naitirait, babbar saƙar tana ɗan ja da matse shi wuri-wuri, sai tozon ya yi faɗi. Sakamako ya zo ta WhatsApp da dare. Yawancinsu tozon siriri ne, falle ɗaya ne tabbas, amma kusurwa ta kauce. A cikinsu akwai wanda tozonsa ya buɗe sosai. Abokina ya rubuto, “Malam, wannan ya zauna.” Na tura wa ɗaliban a daren.

Mutane suna tambayata amfaninsa, kuma tambaya ce mai kyau. A irin wannan haɗi ne a 2013 ƙungiyoyi a Manchester da Columbia da jami'ar MIT ta Amurka suka ga wani tsarin ƙarfin ilekturon da Douglas Hofstadter ya lissafa tun 1976, wanda aka daɗe ana nema. A 2011 Rafi Bistritzer da Allan MacDonald a Texas suka lissafa cewa in aka ɗora girafin kan girafin aka murɗa da kusan digiri 1.1, ilekturon za su rage gudu ƙwarai har su fara jin juna. A 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero a MIT, da ɗalibinsa Yuan Cao, suka haɗa shi, suka ga yana iya toshe lantarki, in an ɗan canza masa caji kuma ya bar lantarki ya wuce ba turjiya ko kaɗan, a sanyin kusan digiri 1.7 na ma'aunin Kelvin, wato dab da iyakar sanyi. Kabon ne zalla, kusurwa kawai aka taɓa. Su ba gefuna suke daidaitawa ba: falle ɗaya suke yagawa biyu, su ɗauki rabi, su juya dandamali, su ɗauki ragowar, don sun san asalinsu ɗaya. Kuma sukan ɗan zarce kusurwar, domin fallayen na son zamewa su koma daidai, musamman in sun ji zafi.

An kuma yi tiransista da fitilu masu siririn jiki da na'urorin gane haske daga irin waɗannan jeri, kuma a 2021 aka nuna cewa fallaye biyu na boron naitirait in an jera su ta wata fuska suna riƙe caji mai juyawa, abin da ake fatan zai yi amfani wurin ajiyar bayanai. Amma ba na yi wa ɗalibaina ƙarya: yawancin waɗannan suna ɗakin gwaji, ba su shigo kasuwa ba. Abin da hannu ke haɗawa ɗaya bayan ɗaya ba zai cika masana'anta ba. Ana toya girafin mai faɗi a kan tagulla tun 2009, amma jera manyan fallaye da tsabta a kusurwar da ake so har yanzu ana fama.

Abin da na fi riƙewa shi ne, mataki mafi wuya a wannan fanni aikin hannu ne da ido da natsuwa, kuma waɗannan muna da su. Inda muka gaza shi ne awo. Yana yi mini ciwo a ce yarinyar da ta gano fallen da idonta sai ta jira wani a wata ƙasa ya gaya mata abin da ta haɗa. Na'urar Raman guda ɗaya da jami'o'in Bauchi da Gombe za su yi tarayya a kanta, da wuta tsayayya da mai kula da ita, za ta ɗauke mana wannan jira, kuma masu kemistiri da masu nazarin duwatsu ma za su ci moriyarta.

Yanzu mun koma kan MoS2, wato haɗin sinadaran molibdinam da sulfur, wanda ake haƙowa a matsayin dutse har ake sa shi a man giris. Shi in ya koma falle ɗaya, mai kaurin kusan nanomita 0.65, yana fitar da jan haske in an haska shi, abin da mai kauri ba ya yi sosai. Wannan muna iya gani a nan da ƙaramar leza koriya da matatar haske da kyamara. Injiniya ya fara haɗa akwatin da za a ajiye samfura da tsakuwar shan danshi, domin damina na tafe, kuma ɗalibar ta karɓi 'yan aji huɗu guda biyu tana koya musu nema.